Hoton Matsirgar da Ya Kusa Raba Ni da Shago

Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ga hanyar Kunci nan a buɗe, ya kama gabansa. Ni Ado Ƙyas na taɓa ɗaukar hoton da kyansa ya kusa raba ni da shagon nan da kuke zaune a ƙofarsa. Kyau na ce, ba muni ba. Kun taɓa jin an kori tela saboda riga ta zauna wa mai ita daidai? To ni saura ƙiris. Kai mai jar hula, daina danne-dannen nan ka saurara, wayar ba guduwa za ta yi ba. Ba ku ne kuke cewa hoto ɗaga hannu ne kawai a danna ba, wai ko akuya aka ba waya za ta iya? Yau sai kun ji.

Aikina na farko a sana'ar nan shara ce. Maigidana wani Bayarabe ne a Kano, Baba Lasisi, Allah ya jiƙansa, mutumin da yake ce wa kowa ya yi murmushi amma shi ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Na daɗe a wurinsa ban taɓa kyamara ba. In share shago, in ɗebo ruwa, in shiga ɗakin duhu in yi ta jujjuya takarda a cikin magani har yatsuna suka rine kamar na mai cin goro da hannu. Ranar da ya fara miƙo min kyamara, na ce yau na zama mutum. Ashe babu fim a ciki. Ya zaunar da ni a bakin titi, ya ce in riƙa leƙa masu wucewa, in na ga daidai lokacin dannawa in ce "ƙyas" da bakina. In na ce ƙyas mutum na hamma, ranƙwashi. In na ce ƙyas mutum ya rufe ido, ranƙwashi. In na yi shiru ina tsoro har mutum ya wuce, ranƙwashi biyu. Daga nan sunan ya bi ni. Wannan kan nawa da kuke gani yana sheƙi, ba sanƙo ba ne, gashin ne ya gaji da duka ya yi hijira.

Kuma yana da gaskiya. Fim ba irin wayarku ba ne da za ka danna sau ɗari ka goge. Ƙarewa yake yi, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. In ka je ɗaurin aure ka dawo ka tarar ango ya rufe ido, to shi ke nan, ba za a sake ɗaura maka auren ba don ka gyara.

Da na dawo gida, Alhaji Sule Mai Wake ya ba ni hayar wannan shagon da yake jikin gidansu. Kun san shi, dillalin wake ne a Dawanau, mutum mai kirki amma in ya kafe a kan magana ko tarakta ba ta ja shi. Kayan aikina a lokacin: kyamara, filas mai walƙiyar haske, ƙafa-uku ta ƙarfe da ake ɗora kyamarar a kai, kujera, fulawar roba, da agogon hannu wanda bai taɓa tafiya ba tun da aka ƙera shi. Sai uban tafiyar, labule. Wani mai zane a Kano ya yi min shi: dutse baƙi, daji kore shar, ga farin ruwa yana zubowa daga sama. Matsirga ake ce wa irin wannan ruwan mai faɗowa daga kan dutse, amma a garin nan ba wanda ya damu da sunan, "ruwan Ado" kawai ake cewa. Ina za mu san shi? Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, gona jikin gona, in ka hau jaki sai ka hango mutumin Shanono yana alwala. Ruwa mafi tsayi da muka taɓa gani yana faɗowa shi ne na indararo.

Akwai wani manomi da ya zo min da bijiminsa, wai zai sayar da shi amma yana so su yi hoto tukuna. Bijimi ya ƙi shiga ƙofa. Na fito da labule na kafa a jikin bango, na tsayar da mutumin, na karya masa hula, na ɗaura masa agogo. Ina leƙawa sai na ga daji yana motsi. Ashe bijimin ne ya ga kore, ya kama gefen labulen yana ci. Da ƙyar muka ƙwace, ya riga ya cinye bishiya guda da rabin tsuntsu. Haka na wanke hoton, mutumin ya karɓa yana murna, wai ko ba komai an ga dabbarsa tana da ci.

Abin da ba ku sani ba, rabin hoto ana gama shi ne kafin a danna. Mutum zai shigo da ƙasar gona har gira. Kai za ka baza masa hannun riga, ka ɗaga masa haɓa, ka juya masa kafaɗa, ka sa agogo ya leƙo. Ya shigo manomi, ya fita a takarda kamar dagaci. Sannan shagon nan duhu gare shi, batirin filas kuma ba kullum ake samu ba, dole in bar idon kyamara a buɗe ya ɗan jima yana shan haske. Duk wanda ya motsa a wannan ɗan lokacin, ya lalace. Don haka na koya wa garin nan kaf tsayuwa. "Kar ka motsa, kar ka yi numfashi, kar ka tuna surukarka!" Iyayenku da kakanninku duk ɗalibaina ne. Dattijon garin nan in ka ce masa hoto, ko kunama ce a wandonsa sai ka danna sannan zai yi ihu.

Shekarar da ta so ta binne ni ita ce wadda wayoyi masu kyamara suka cika gari. Ranar ƙaramar Sallah na share shago, na yayyafa ruwa, na kakkaɓe labule, na zauna. A da, ranar Sallah layi har bakin masallaci yake kaiwa, tuwon Sallah a tsaye nake cinsa. Ran nan kuwa, tun da aka sauko daga idi har la'asar, abin da ya shigo shagon nan kaza ce, ita ma ta duba ta ga ba tsaba ta fita. Samari na wucewa ta gabana da sabbin kaya, suna turo baki gaba suna ɗaukar kansu. Wasu don ƙarfin hali har aron labule suka zo yi. A shekarar ne kuma wurin da nake kai wankin fim a Kano ya rufe. Abokan sana'ata, wani ya koma acaɓa, wani ya koma sayar da rake. Ni ma na koma gona na yi gero da gyaɗa kamar kowa, amma kullum da yamma sai na buɗe shagon nan na zauna, ko ba kowa, don kada wani ya ce Ado ya mutu. Da kaka ta yi, na sayar da gyaɗar na haɗa da tunkiya, na sayo wannan kyamarar ta zamani. Gwanjo ce, amma ta ƙwararru ce. Ga gilashinta mai zuƙo abu daga nesa, nauyinsa kamar taɓarya. Hoton fasfo na maniyyata da 'yan makaranta shi ya riƙe ni, da 'yan bukukuwan da masu su suke da hankali.

To ana nan sai Nazifi ya taso. Ɗan Alhaji Sule ne, saurayi ya isa aure, wayarsa idanu uku gare ta a baya kamar aljani. Shagon nan yake so, ya sa sola ya buɗe cajin waya. Kullum yana kunnen ubansa. Ni kuma in ya gan ni sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, sannan ya soka min wuƙa.

"Baba Ado, ina wuni. Wallahi da girmanka, ka huta haka nan. Abin da kake yi da wannan taɓaryar, aljihuna yana yi."

Na ce, "Aljihunka ya iya karya hula?"

Ya ce, "Yanzu wa yake karya hula, Baba?"

Ana cikin haka, wata rana a majalisar da ake zama a gindin darbejiyar can, direban Alhaji, wanda yake kai wake kudu ya dawo da masara, ya ce shi fa ya ga ruwan Ado da idonsa. Mai rai, a cikin wani daji can kudancin Kaduna, yana faɗowa yana ƙara. Majalisa ta fashe da dariya. Wani ya ce gajiyar hanya ce. Wani ya ce irin wannan wuri sai dai a Aljanna, Allah ya kai mu. Alhaji ya ce shi ya yarda da direbansa. Sai wani tsoho ya ce, "Haba Alhaji, da hankalinka?"

Shi ke nan, an taɓo inda ba a taɓawa. Alhaji ya miƙe ya ce wallahi sai ya je, ya tsaya a gaban ruwan, ya kawo musu shaida. Ya juyo ya ce, "Ado, ka shirya."

Nazifi ya ce, "Baba, ba sai an wahalar da Baba Ado ba. Wayata ta isa."

Na ce, "Ta isa ta kira ni in zo in ɗauka."

Alhaji ya dube ni, ya dubi ɗansa. Ya gaji da mu dama. Ya ce, "Ku duka ku shiga mota. Kowa ya ɗauka. Hoton da na rataya a falona, mai shi ke da shago. Jama'a ku ne shaida."

Kun ji fa. Shagon da na shekara aru-aru a ciki, wanda duk jaririn garin nan ya yi kuka a cikinsa, an ɗora shi a kan hoto ɗaya. Na ce na yarda. Me zan ce? In ce ina tsoron aljihun yaro?

Ƙarshen damina ne, gero ya fara sunkuyar da kai. Muka kama hanya bayan asuba. Alhaji ya naɗe farar shaddarsa a leda, sabuwa dal, an buge ta tana ɗaukar ido, ya rungume ta a cinya kamar jariri. Muka yi ta tafiya har ƙasa ta daina zama shimfiɗaɗɗiya, ta fara tashi tana kumbura. Inda mota ta ƙare, wani mutumin ƙauyen wurin ya shige mana gaba, muka bi shi a ƙafa cikin daji. Ni ga jaka, ga ƙafa-uku a kafaɗa, ina haki kamar jakin da aka yi wa lodin taki. Nazifi hannunsa a aljihu yana fito.

"Baba Ado, in taya ka?"

"Taya kanka. Wanda ba shi da kaya ai ba shi da sana'a."

Tun kafin mu ga ruwan muka ji shi. Kamar an kunna duk injinan niƙan Kano a ɗaki ɗaya. Muka zagaya wani dutse, sai ga shi. Jama'a, ni da bakina ba ya rufuwa ko a layin asibiti, sai da na yi shiru. Ruwa daga can sama, fari fat, yana faɗowa yana tashi kamar hayaƙi, bishiyoyi sun rufe sama, wurin sanyi kamar cikin randa. Mai zanen labulena ashe rowa ya yi min.

Alhaji ya yi tasbihi, ya yi hailala, ya daɗe yana kallo. Na ce yau Alhaji zai yi wa'azi. Sai ya juya wurin mutumin da ya rako mu ya ce, "Malam, yanzu duk wannan ruwan, ba wanda ya shuka ko albasa?"

Mutumin ya ce a'a.

"Tumatir fa? Dare da rana haka yake zuba? A banza?" Ya kama haɓa. "Innalillahi. Mu muna can muna haƙa rijiya kamar za mu fita ta ƙasan duniya."

Da ƙyar na raba shi da lissafin yadda za a ja ruwan zuwa Kunci, na ce ya sa shadda.

Yanzu ku buɗe kunne, nan aikin yake. Ruwa irin wannan feshi yake yi, yayyafi ne da ba ya ɗaukewa, kuma yana kaiwa nesa. Na duba na ga inda ganye yake a jiƙe da inda yake a bushe, na ja da baya har bayan iyakar, na samu wani faffaɗan dutse a inuwa, na ce Alhaji ya hau.

Ya ce, "Ado, duk tafiyar nan da muka yi don mu tsaya daga nesa ne?"

Na ce, "Alhaji, kai dai tsaya. Ni zan kawo maka ruwan har bayanka."

Aikin taɓaryar ke nan. In na ƙara ja da baya na zuƙo, sai abin da yake nesa ya matso ya manne a bayan mutum, ya cika hoto. Na kafa ƙafa-uku, na danna ƙafafunta cikin tsakuwa har ta daina rawa. Na ɗaura wani baƙin gilashi a gaba don ya rage haske. Don me? Hanya biyu ce ta ɗaukar ruwa mai gudu. Ko ka ƙifta idon kyamara da sauri, ruwan ya daskare ɗigo-ɗigo kamar an watsa tsakuwa, ko ka bar idon a buɗe ya ɗan jima, ruwan ya yi ta wucewa yana shafa kansa, ya fito sumul kamar ana tsiyaya nono daga ƙwarya. Ta biyun ita ce aiki. Amma sharaɗinta, ruwa ne kaɗai aka yarda ya motsa. Mutum sai ya zama dutse.

Na fara gwadawa da su biyu, uba da ɗa. Alhaji ya fito garau. Nazifi ya fito da kai uku, ɗaya na kallona, ɗaya na kallon waya, ɗaya ban san inda ya nufa ba. Na nuna masa na ce, "Ga ka nan, kai da idanun wayarka kun yi daidai." Na kore shi gefe.

Na hau dutsen na baza wa Alhaji hannun riga, na karya hula, na ɗaga haɓa. Na sauko na leƙa. Na jira wani gajimare ya rufe rana don kada farar shadda ta ƙone hoton. Sannan na ɗaga murya sama da ƙarar ruwa na ce, "Alhaji! Irin ta Sallah!"

Allahu akbar. Tsohon ɗalibi. Mutumin nan ya ƙame kamar an dasa shi tun zamanin kakanni. Wani ƙuda ya sauka a kan hancinsa, ya zaga, ya yi abin da zai yi, Alhaji ko gezau. Na danna. Na duba bayan kyamara, na rufe ta, na ce na gama.

Nazifi ya ce, "Guda ɗaya?"

Na ce, "Alhajin guda nawa ne?"

Sai ya hau inda na tsaya ya ɗaga wayarsa. Ba zan yi wa waya ƙarya ba, tana da nata. Ba ta da nauyi, ba ta da fargabar ruwa, launi kuwa har ƙari take yi, kuma kafin in kafa ƙafa ɗaya ta ɗauki hamsin. Amma idonta mai faɗi ne, komai so take ta haɗa, sai ta tura na nesa ya ƙara nisa. Daga wurin nan, matsirgar da ta cika duniya sai ta fito a bayan Alhaji kamar indararon gidan liman. Ya zuƙo da yatsa, hoto ya dagargaje kamar dambu.

Ya ce, "Baba, mu matsa kusa. Can gindin ruwan."

Na ce, "Alhaji, shaddar fa."

Alhaji ya ce, "Shaida na zo nema, Ado, ba shadda ba."

To. Suka kama tsallaka duwatsu masu gansakuka, santsi kamar an shafa musu karkashi. Tun ba su kai ba feshi ya gama da shaddar, duk bugun nan ya mutu, ta manne masa a jiki kamar fatar albasa. Iskar ruwan ta ɗauke hula, ta tafi da ita, yanzu haka wani kifi ne yake zuwa Juma'a da ita. Alhaji ya ɗaga hannu zai cafke ta, ƙafa ta zame, ya zauna daɓas a cikin ruwa yana salati. Shi kuwa Nazifi yatsansa bai san tsayawa ba. Da hannu ɗaya yake jan uban, da ɗayan yana dannawa. Ni ina daga nesa da gilashin da zai iya ƙirga min haƙoran Alhaji. Na juya baya na kama kallon bishiya. Ba kowane ƙyas ake cewa ba.

A hanyar dawowa, sabis na shigowa Nazifi ya tura hotunan gurup ɗin samarin gari. Bai zaɓa ba, duka ya zuba. Kafin mu iso gida, har matan da ke cikin kulle sun ga Alhaji a zaune cikin ruwa. Shi Alhaji 'yar ƙaramar waya gare shi mai madannai, bai san me ake ciki ba. Nazifi ya ɗan haska masa ɗaya a mota, ba tabarau a idonsa, ya ga fari-fari da ruwa, ya ce ma sha Allah.

Ni kuwa sai da na shiga Kano aka buga min nawa babba, aka sa a firem da gilashi. Na naɗo shi a zani na kawo majalisa bayan la'asar, Alhaji na zaune, kowa na nan. Na yaye zanin a hankali kamar ana buɗe amarya.

Kowa ya miƙo wuya. Ga Alhaji kamar sarki, kowane zare na aikin wuyan rigarsa ana gani. Ga daji kore har da duhunsa. Ga ruwa a bayansa fari sumul tun daga sama har ƙasa. Na gyara tsayuwa ina jiran kabbara.

Sai tsohon nan da ya ce wa Alhaji "da hankalinka" ya matso, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Ado, ashe sabon labule ka yi ba ka faɗa mana ba?"

Na ce, "Wane labule?"

Wani ya ce, "Kai, wannan ya fi tsohon. Wa ya zana maka?"

Wani ya ce, "Ya iya daji, amma ya cika ƙarya a wurin ruwan. Ruwa ba ya yin haka. Wannan ai kindirmo ne."

Na rantse. Alhaji ya rantse. Direba ya rantse har da dafa mota. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, duba fa. Rigarka a bushe ƙayau, hula a karye daidai, tsayuwar ma irin ta Sallah ce. Wa ya taɓa zuwa gaban ruwa irin wannan ya tsaya haka? Mu ma duk mun tsaya a gaban ruwan Ado, mun san yadda ake yi. Wannan a cikin shago aka yi shi. Zuwa kam ka je, mun yarda, don mun ga na Nazifi." Da ya faɗi haka sai majalisa duk ta kama tari, kowa yana kallon takalminsa.

Kun ga masifar? Ni na koya musu cewa matsirga labule ce. Shekara da shekaru ina tsayar da su a gaban zane, ranar da na kawo musu na Allah, suka ce ban isa ba.

Alhaji ya fusata, kuma a kaina ya sauke. "Na ɗauke ka har can, na ciyar da kai, ka kawo min abin da za a ce jabu ne? Shaida na ce! Wanda ya kawo shaida shi ne Nazifi. Kai Nazifi, je ka a buga naka a sa a gilashi in rataya. Kai kuma Ado, fara haɗa kayanka."

Na ce, "Alhaji, cewa ka yi hoton da ka rataya. Ko tsinke ba zan ɗauke ba sai na gan shi a bango."

Washegari ban samu zama ba. Mata da yara da angwaye, har daga ƙauyuka, wai sun zo a ɗauke su a sabon labule. Ina cewa babu, suna cewa ɓoyewa na yi sai masu kuɗi. Wata tsohuwa har leƙa ƙarƙashin kujera ta yi. Ga kasuwa ta buɗe, ga shago zai tafi, ga abin da ake nema ba ni da shi.

Da yamma sai ga Nazifi yana sosa ƙeya. Wai Baba Ado, a ina ake buga hoto babba? Bai taɓa fitar da hoto daga cikin waya ba tun da aka haife shi. Na kwatanta masa wurin tsaf, ban ɓoye masa komai ba. Na ce, "Kuma ɗana, kada ka yi wa mahaifinka rowa. Ka ce su yi shi babba. Mafi girman da injinsu yake iyawa."

Ya ce, "Na gode, Baba."

Na ce, "Haba, ai yi wa kai ne."

Nazifi ya zaɓi wanda ya fi dama-dama a cikin hotunansa, ban ce ya yi mugunta ba. Amma dama-damar ke nan: ba hula, ido a runtse, baki a buɗe, shadda ta lafe a kan tumbi har ana ganin cibiya. A cikin waya abin dariya ne na minti ɗaya. Da aka buga shi ya kusa kai ƙofa tsayi, ya zama abin da ba a kallo da alwala.

Aka jingina su biyun a jikin bangon nan, nan daidai inda kake zaune. Alhaji ya sa tabarau. Ya dubi na Nazifi. Ya daɗe. Amma ya riga ya yi magana a gaban jama'a, kuma na faɗa muku halinsa. Ya ce, "Ko ma yaya ne, wannan shi ne gaskiya. A kawo ƙusa."

Ana neman ƙusa sai ga Gwaggo Hansai ta fito daga zaure da tiren ƙuli-ƙulinta. Yayar Alhaji ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi, kuma duk faɗin ƙasar nan ita kaɗai ke kiransa da sunansa tsirara ba Alhaji. Ta ajiye tire. Ta dubi nawa, ta dubi na Nazifi, ta sake matsawa kusa ta dubi cibiyar.

Ta ce, "Wannan fa, na mene ne?"

Alhaji ya ce, "Yaya, falo za a kai shi. Na Ado mutane sun ce labule ne. Wannan shi ne shaidar na je."

Makullin nan da kuke ji yana ƙara a aljihuna, abin da ta faɗa ne ya bar min shi. Hoton da na ɗauka ne a falon Alhaji yau, ko da yake rabin garin nan har gobe sun rantse a shago aka ɗauka, su ta shafa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki tirenta ta ɗora a ka, sannan ta ce:

"To rataya mana, Sule. Ka sa shi daidai ƙofa, duk wanda ya zo neman auren 'ya'yanka ya fara gaisawa da tumbinka. Ni da na yi ta yi maka wanka kana yaro, ko sau ɗaya ban tara maka jama'a ba."